Kuskuren magani a gidajen likita: wa ke da izinin rubutawa, wa zai ɗauki alhaki?

Tun ranar 1 ga watan Satumba na 2024, lokacin da matakin gwamnati na rage rabin kuɗin ganin likita, gwaje-gwaje da kwanciya a asibitocin gwamnati ya soma aiki, talakawan Nijar suka sami wani sauƙi da suka daɗe suna jira. Haihuwa ta zama kyauta, an kuma soke jika 150 da masu wankin ƙoda ke biya kafin a soma yi musu aiki. Sai dai rage kuɗi ba ya ƙara yawan ma'aikata dare ɗaya. Duk wanda ya leƙa wata cibiyar CSI a Maraɗi, Damagaram ko Tawa tsakanin watan Agusta da Oktoba, lokacin da masassarar cizon sauro ke kan ganiyarta, ya san yadda layi yake: uwaye da goyo tun da asuba, ma'aikaci ɗaya ko biyu, ga allura, ga ƙarin ruwa, ga cika rajista.

A cikin irin wannan cunkoso ne wata tambaya ke tasowa wadda ba a cika yin ta ba sai bayan ɓarna ta auku. Shin wanda ya rubuta takardar magani, wato odonas, yana da izinin rubuta ta? Idan kuma ya yi kuskure, majinyaci ya nakasa ko ya rasu, wa shari'a za ta kama?

A ɗauki misalin da zai iya faruwa a kowace gunduma. Da ƙarfe 2 na dare an kawo yarinya ƴar shekara 3 tana jijjiga. Majo, shugaban cibiyar, ya tafi gida bayan ya yini yana aiki. Wanda ke gadi ɗan sa-kai ne, ya gama makarantar kiwon lafiya amma bai sami aiki ba, yana zuwa ne don kada hannunsa ya mutu. Sikeli ya lalace, saboda haka ya ƙiyasta nauyin yarinyar da ido, ya rubuta magani, ya yi allura, adadin ya zarce ƙima. A wannan dare mutum ɗaya ne ya riƙe sirinji. Amma akwai wanda ya sa sunansa a jerin masu gadi, akwai wanda ya san sikeli ya lalace bai sauya ba, akwai kuma hukumar da ta bar cibiyar da ma'aikaci ɗaya tak mai cikakken matsayi. Shari'ar hukunta laifuka takan tsaya kan na farko. Sauran kuwa ba safai ake jin sunansu ba.

Wa ke rubuta magani a zahiri

A ƙa'idar da Nijar ta gada daga tsarin Faransa, gano cuta da rubuta magani aikin lokotoro ne, sai likitan haƙora da ungozoma, kowanne a cikin iyakar sana'arsa. Ma'aikacin jinya aikinsa aiwatar da abin da aka rubuta da kula da majinyaci. Wannan ƙa'ida ba za ta iya tafiya yadda take a takarda ba a ƙasar da ke da mutane fiye da miliyan 25, inda alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya OMS na ƴan shekarun nan ke nuna lokotoro ɗaya na fuskantar mutane fiye da 20,000, alhali ma'aunin da aka saba ambata shi ne ɗaya ga 10,000. Su ma ɗin da yawansu suna Yamai da manyan biranen jihohi.

Saboda haka gwamnati da kanta ta miƙa wani ɓangare na aikin ga waɗanda ba lokotoro ba. Yawancin cibiyoyin CSI ma'aikatan jinya ne ke jagorantarsu, su ke duba marasa lafiya, su ke rubuta magani. Ƙananan gidajen likita na karkara, waɗanda aka gina da yawa a ƙarƙashin shirin musamman na marigayi shugaba Tandja Mamadu, an damƙa su ga jami'an lafiya na al'umma masu gajeren horo. A ƙauyukan da ke nesa da likita kuma akwai wakilan lafiya na gari da aka koya wa gwajin masassara na gaggawa, da ba da maganin masassara, da amoksisilin ga yaro mai ciwon huhu, da ruwan gishiri da sukari haɗe da zinc ga mai zawo. Su ne kuma ke bi gida-gida da damana suna raba maganin rigakafin masassara ga yara ƴan wata 3 zuwa 59.

Duk waɗannan suna aiki da izini, domin akwai rubutacciyar jagora a bayansu: littattafan da ke bi daga koken majinyaci zuwa magani mataki-mataki, tsarin kula da cututtukan yara da ake kira PCIME, da jerin muhimman magunguna da ya fayyace abin da aka yarda a ajiye a kowane mataki. Ita ma OMS ta amince da wannan hanya ta rarraba ayyuka a shawarwarin da ta fitar a 2008, amma da sharuɗɗa: horo, sa ido, da doka mai kare ma'aikaci da majinyaci. Ma'aikacin jinyar da ya bi jagora, ya yi abin da aka koya masa, ya tura majinyaci gaba lokacin da cutar ta fi ƙarfinsa, yana tsaye kan ƙasa mai ƙarfi ko da sakamako bai yi kyau ba.

Inda izini ke ƙarewa

Matsalar tana somawa ne daga inda rubutu ya tsaya, al'ada ta ci gaba. Masu binciken zamantakewa sun daɗe da bayyana wannan. Littafin da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka jagoranta a 2003, kan gidajen likita na manyan birane biyar na Afirka ta Yamma har da Yamai, da kuma ayyukan cibiyar bincike ta LASDEL da suka biyo baya, sun nuna yadda aiki ke gangarowa daga sama zuwa ƙasa: ma'aikacin jinya ya yi aikin lokotoro, ɗalibi ko ɗan sa-kai ya yi aikin ma'aikacin jinya, mai shara ya koma mai wanke miki ko mai allura. Kowa a gidan ya san da haka, babu wanda ya rubuta shi, kuma da za a hana shi yau da wasu cibiyoyin sun rufe da dare.

Rubuta magani ba da izini ba yana da fuskoki da dama. Akwai ma'aikacin da ya rubuta maganin da ya fi matakin cibiyarsa. Akwai ɗalibi mai neman sanin makamar aiki da aka bar wa takardun odonas da aka riga aka buga wa hatimi. Akwai umurnin da lokotoro ke bayarwa ta wayar salula cikin dare, wanda babu inda aka rubuta shi, gobe kuma kowa ya tuna abin da ya yi masa daɗi. Akwai ƙananan ɗakunan jinya masu zaman kansu da aka ba lasisin allura da wanke miki kawai amma suke kwantar da marasa lafiya. Akwai malamin asibitin unguwa da ake kira gida bayan sallar isha'i ya ɗaura ƙarin ruwa, ana rataye leda a ƙusar bango. Akwai kuma mai sayarwa a farmasi da ke sauya magani da wani, ko ya ba da maganin da doka ta ce sai da odonas.

Haɗarin ba na wasa ba ne, domin magungunan da aka fi amfani da su kullum su ne ke da kaifi. Allurar artesunat, wadda OMS ta fifita tun 2011 a kan kinin wajen masassara mai tsanani, ana lissafa ta ne da nauyin jiki: miligiram 2.4 ga kowane kilo, miligiram 3 ga yaron da bai kai kilo 20 ba. Kinin ta jijiya sai an haɗa ta da ƙarin ruwa ta shiga a hankali cikin awa 4. Idan aka tura ta kai tsaye tana iya tsayar da zuciya, kuma tana sauke sukarin jini. Allurar ɗuwawu da aka yi ba a wurin da ya dace ba tana taɓa babbar jijiyar ƙafa, yaro ya tashi yana jan ƙafa har ƙarshen rayuwarsa. Jantamisin idan ya yi yawa yana lalata ƙoda da ji. Allurar naƙuda ta ositosin, idan aka yi ta don gaggauta haihuwa ba tare da lura ba, tana iya fasa mahaifa. Magunguna irin su kotirim da Fansidar kuma suna saɓule fatar wanda jikinsa bai yarda da su ba, shi ya sa tambayar majinyaci kafin a rubuta ta zama wajibi. A 2017, lokacin da OMS ta ƙaddamar da gangamin rage illar magunguna, ta ƙiyasta cewa kurakuran magani na ci wa duniya dalar Amurka biliyan 42 a kowace shekara.

Ƙofofi uku na shari'a

Idan ɓarna ta auku, doka ta buɗe ƙofofi uku, kuma kowace da wanda take nema.

Ta farko ita ce ta hukunta laifi. Kundin hukunta laifuka na Nijar, wanda asalinsa ya faro daga 1961 kuma aka yi masa gyare-gyare, ya tanadi ɗauri a gidan kaso da tara ga wanda ya jawo mutuwa ko rauni ba da niyya ba, ta hanyar rashin ƙwarewa, ganganci, rashin lura, sakaci ko ƙin bin ƙa'ida. Wannan kalma ta ƙarshe ita ce ke da nauyi a nan. Wanda ya yi aikin da ba shi da izini ya riga ya saɓa ƙa'ida tun kafin a zo ga batun adadin magani, kuma ana iya ƙara masa tuhumar yin aikin likita ba bisa doka ba. A wannan ƙofa kowa da kansa yake amsawa: cewa “shugabana ne ya sa ni” na iya sassauta hukunci, amma ba ya wanke mutum. Haka nan ma'aikacin jinyar da ya aiwatar da umurnin lokotoro alhali kuskuren a bayyane yake, misali adadin babba aka rubuta wa jariri, yana da nasa kason, domin aikinsa ne ya tsaya ya tambaya. Shi ma mai farmasi haka. Shugaban da ya san wane ba shi da horo amma ya bar masa ɗakin gaggawa shi kaɗai, ana iya tuhumarsa da sakaci, muddin an nuna alaƙa tsakanin sakacinsa da mutuwar.

Ta biyu ita ce ta diyya, kuma a nan ne yawancin iyalai ba su san haƙƙinsu ba. Idan a asibitin kuɗi ne abin ya faru, kundin dokar farar hula ke aiki: aya ta 1382 ta wajabta wa duk wanda laifinsa ya cutar da wani ya biya, aya ta 1384 kuma ta ɗora wa mai gida alhakin ɓarnar da ma'aikacinsa ya yi a bakin aiki. Ke nan mai asibiti ba zai iya cewa yaronsa ne ya yi kuskure ya zare hannunsa ba. Idan a gidan likita na gwamnati ne, shari'ar gudanarwa ta bambanta abu biyu, bambancin da ya samo asali daga wani hukunci na Faransa na 1873 da ake kira hukuncin Pelletier. Akwai laifin aiki, wanda ya fito daga yadda aka tsara aikin ko aka gudanar da shi. Wannan hukuma ce ke biya. Akwai kuma laifin ƙashin kai, wanda ya fita daga da'irar aiki saboda mugun nufi, neman riba ko ganganci mai muni. Wannan ma'aikaci ne ke biya daga aljihunsa, kuma ko hukuma ta biya tana iya juyowa ta bi shi.

Idan aka koma ga misalin yarinyar nan, lauyan iyayenta zai ce ɗan sa-kan yana cikin ɗakin gwamnati, sanye da farar riga, sunansa na cikin jerin gadi, da saninsa da yardar shugabanni. Saboda haka ɓarnar ta fito ne daga tsarin aikin, baitulmali ya kamata ya biya. Amma da a gidan iyayen ya je ya yi allurar ya karɓi jika biyu, babu wata hukuma da za ta tsaya masa. Bambancin kuskure ɗaya a wuri biyu ke nan.

Dole kuma a fahimci cewa ba kowace mutuwa a asibiti ce laifi ba. Tun hukuncin Mercier na 1936, ƙa'idar da ake bi ita ce mai magani bai yi alkawarin warkarwa ba. Abin da ya ɗauka shi ne kulawa da natsuwa daidai da ilimin da ake da shi a lokacin. Mai ƙara sai ya nuna abu uku: an yi kuskure, an sami illa, kuma kuskuren ne ya jawo illar. Na ukun ya fi wuya, domin yaron da aka kawo cikin mawuyacin hali yana iya rasuwa ko da an yi komai daidai.

Ƙofa ta uku ita ce ta ladabtarwa. Lokotoro da masu farmasi suna da majalisar sana'arsu, wato Ordre, mai ikon gargaɗi, dakatarwa ko hana mutum aiki. Ma'aikacin gwamnati kuma yana iya gurfana gaban kwamitin ladabtarwa a ƙarƙashin dokar ma'aikata. Ɗan sa-kai kuwa ba shi cikin ko ɗaya: ba shi da lambar aiki, ba shi da kwangila, ba shi da ƙungiyar ƙwadago irin su SUSAS ko SYNPHAMED da za ta ɗaukar masa lauya. Shi ne mafi rauni a gidan, shi ne kuma ya fi kusa da sirinji.

Me ya sa ƙararraki ba su da yawa

Duk da waɗannan ƙofofi, kaɗan ne daga cikin irin waɗannan al'amura ke isa gaban alƙali. Dalili na farko shi ne shaida. Rajistar cibiya sau da yawa ba ta nuna nauyi, adadi, lokaci da sunan wanda ya yi allura. Ana binne mamaci cikin ƴan awoyi kamar yadda addini ya tanada, kuma iyalai ba sa son a buɗe gawa. Ƙwararren da kotu za ta nema ya tantance lokotoro ne, a ƙasar da ƙwararru ba su da yawa kuma kusan duk sun san juna. Dalili na biyu kuɗi ne da lokaci: mai neman diyya daga hukuma sai ya fara rubuta mata buƙatarsa, ya jira amsa, sannan ya nufi kotu, shari'ar kuma tana iya hawa har Kotun Ƙasa da ke Yamai, wadda ta maye gurbin manyan kotunan da aka rusa bayan 26 ga watan Yuli na 2023. Dalili na uku zumunci ne: majo maƙwabci ne, ko surukin wani ne, kuma gobe wurinsa za a koma da wani yaron.

Akwai kuma maganar da ake rufe zance da ita a zaman makoki, cewa kwana ne ya ƙare. Yarda da ƙaddara ginshiƙi ne na imani, amma malaman fiƙihu ba su ɗauke ta a matsayin mai share alhaki ba. Ibn Rushd, malamin Malikiyya na Andalus da ya rasu a 1198, ya kawo a littafinsa Bidayatul Mujtahid cewa likitan da ya yi kuskure diyya ta hau kansa. Idan masanin sana'ar ne, mafi yawan malamai sun ɗora biyan a kan danginsa na aƙila. Idan kuwa ba ma'abocin sana'ar ba ne ya kutsa kai, daga dukiyarsa za a biya. Wannan rabo ya yi kama ƙwarai da na dokar zamani: wanda ya yi kuskure cikin aikin da ya cancanta, jama'ar da ke bayansa ke ɗaukar nauyi, wanda ya shiga abin da ba nasa ba, shi kaɗai. Iyalin da suka yafe sun yi alheri, amma waɗanda suka nemi bayani ko diyya ba su saɓa wa addini ba.

Rashin zuwa kotu ba ya nufin zaman lafiya. Fushin da bai sami hanya ba yakan fito ta wata kafa: zagin ma'aikata a bakin ɗakin haihuwa, saƙon murya a WhatsApp da ke yawo da sunan mutum kafin a yi bincike, ko kuma guje wa likita gaba ɗaya a koma ga masu tallar magani a faranti, inda babu odonas, babu rajista, babu wanda za a tambaya.

Darasi daga wasu ƙasashe

Wata shari'a da aka yi a Amurka ta nuna illar tsayawa kan mutum ɗaya. A watan Disamba na 2017, wata ma'aikaciyar jinya mai suna RaDonda Vaught, a wani babban asibitin jami'a da ke birnin Nashville, ta tsallake shingen tsaro na na'urar ajiye magunguna, ta ɗauko maganin da ke shanye tsokar jiki maimakon na kwantar da hankali da aka rubuta, wata dattijuwa mai shekara 75 ta rasu. Ita da kanta ta faɗi kuskurenta nan take. Ta kuma bayyana cewa tsallake shingen abu ne da ma'aikata ke yi yau da kullum a asibitin. An ƙwace lasisinta a 2021, kotu ta same ta da laifi a watan Maris na 2022, aka yanke mata shekara 3 na zaman sa ido ba tare da ɗauri ba. Asibitin kuwa ya sasanta da iyalan a wajen kotu, ba a gurfanar da shi ba. Ƙungiyoyin ma'aikatan jinya sun yi gargaɗi cewa daga ranar duk wanda ya yi kuskure zai yi tunani sau biyu kafin ya faɗa. Kuskuren da aka ɓoye kuwa shi ne ke maimaituwa.

Faransa, wadda Nijar ta gaji tsarin dokarta, ta bi wata hanya daga baya. Dokar 4 ga watan Maris na 2002 ta ba majinyaci haƙƙin ganin takardun jinyarsa, ta kafa kwamitocin sasanci, da asusun ONIAM mai biyan diyyar haɗurran jinya masu tsanani ko da ba a sami mai laifi ba. Dokar 2009 ta halatta yarjejeniyoyin da lokotoro ke miƙa wasu ayyuka ga ma'aikatan jinya a rubuce, a 2018 kuma aka ƙirƙiro matsayin ma'aikacin jinya mai zurfin horo da ke iya sabunta wasu magunguna. A maƙwabciya Najeriya, an amince da manufar rarraba ayyukan lafiya ta ƙasa a 2014, kuma jami'an lafiya na al'umma suna aiki da littafin umurni da ya zana musu iyaka. Babu ɗaya daga cikin waɗannan tsare-tsare da ya kawar da kuskure. Abin da suka yi shi ne sun sa an san wanda aka ba izinin me, ta yadda in an zo rabon alhaki ba a lalube cikin duhu.

Abin da ke hannun hukuma, da abin da ke hannun iyali

Nijar ba za ta iya jiran ranar da kowace CSI za ta sami lokotoro ba, kuma hana ma'aikatan jinya rubuta magani zai kashe mutane fiye da yadda kuskure ke kashewa. Abin da ke yiwuwa shi ne a rubuta abin da ake yi. Doka ɗaya bayyananna da ta jera abin da kowane rukuni zai iya rubutawa, daga mai digirin jinya zuwa wakilin gari, za ta amfani alƙali kamar yadda za ta amfani ma'aikaci. Ɗan sa-kai da ɗalibi su sami takarda mai ɗauke da sunan wanda ke kula da su da ayyukan da aka hana su, kada kuma a bar su gadi su kaɗai. Umurnin waya a rubuta shi a rajista da lokacinsa, lokotoro ya sa hannu da safe. Asibitocin kuɗi a tilasta musu inshorar alhakin sana'a kafin a sabunta lasisi. Makarantun ENSP na Yamai da Damagaram da makarantu masu zaman kansu su ba darasin alhakin shari'a da lissafin adadin magani muhimmancin da ya dace. A matakin gunduma kuma a samar da hanyar da ma'aikaci zai ba da rahoton kuskure don a gyara, a ware shi daga ganganci da cinikin bayan fage waɗanda suka cancanci hukunci. Sikelin yara mai aiki a kowane ɗakin gadi bai kai kuɗin shari'a ɗaya ba.

Su ma iyalai suna da abin yi tun kafin ɓarna. Haƙƙin mai jinya ne ya san sunan wanda ya duba shi da matsayinsa, ya ga an auna yaro kafin a rubuta, ya faɗi maganin da ya taɓa yi masa illa da wanda ya riga ya sha a gida. Odonas ta gaskiya tana ɗauke da kwanan wata, sunan majinyaci, shekaru ko nauyin yaro, adadi da tsawon kwanaki, da suna da sa hannun wanda ya rubuta. Idan abin da ba a so ya faru, a adana odonas, karnen lafiya, rasiɗai da kwalayen magani, a rubuta lokutan da abubuwa suka faru tun ba a manta ba, a nemi takardar shaidar likita. Ana iya kai koke a rubuce ga babban likitan gunduma ko hukumar lafiya ta jiha, ana iya sanar da kwamitin gudanarwa na cibiyar wanda wakilan gari ke ciki, ana kuma iya shigar da ƙara wurin ƴan sanda, jandarma ko mai shigar da ƙara na gwamnati. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya tuntuɓar ofishin hukumar ANAJJ, wadda aka kafa don taimakon marasa ƙarfi a harkar shari'a, a babbar kotun jiharsa.

Matakin 2024 ya buɗe ƙofar likita ga mutanen da a da kuɗi ke tsare su a gida. Nauyin wannan alkawari yana kan ma'aikatan da ke kwana a ɗakunan gadi, wasu da albashi, wasu babu. Muddin hukuma tana cin moriyar aikinsu a ranakun da komai ya tafi daidai, adalci shi ne ta amsa nata kason a ranar da aka yi kuskure: ta biya iyalin da aka cuta, ta hukunta wanda ya yi ganganci, ta kuma gyara jerin gadin da ya bar yarinya mai jijjiga a hannun wanda ba a ba izini ba.